Furera Mai Tiya Biyu

Duk wanda ya ci kasuwar Mayahi a zamanin mulkin soja ya san rumfar Furera mai awon hatsi, ko da bai san fuskarta ba. Ita ma ba ta san tasa ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi wata asara ba.

Laifin na mijinta ne, Sale. Shekarar da suka taso daga ƙauyen Sarkin Hausa suka dawo gari, bayan gonarsu ta gaji da su, su ma sun gaji da ita, shi aka ɗora wa kafa rumfar. Sale mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya zagi, amma Allah bai halicce shi don wahala ba. Ya tafi saran dirkoki, ya tarar da gajeru a bakin hanya, dogaye kuma can cikin daji, sai ya kwaso gajerun ya ce in an samu sarari a sake. Sararin kuwa bai taɓa samuwa ba. Rumfar ta tsaya a durƙushe, rufin kara ya sauko har ya kusa taɓa tsibin hatsi. Mai saye yana tsaye a waje, Furera tana zaune a ciki, abin da take gani na ɗan Adam daga gwiwa ne zuwa ƙasa.

Da wata ce, da ta hana miji sakat har sai an ɗaga rumfar. Furera kuwa ta ɗan jima tana kallon ƙafafu, sai ta gane gata aka yi mata. A cewarta fuska ba abar yarda ba ce, don ta sha ganin attajiri ya zo da fuskar tausayi, matsiyaci ya zo da ta sarauta. Takalmi dai bai taɓa yi mata ƙarya ba.

In ta ga takalmin taya, ta san baƙauye ne ɗan'uwanta, sai ta gyara zama. Wannan zai yi ciniki har inuwa ta juya, ya yi fushi ya tafi, ya zaga kasuwa ya dawo, bayan an auna kuma ya tsaya ƙyam ya ce, "To, ina gyara?" Sai ta ɗebo tafi guda ta watsa masa a buhu tana tsaki, kowa ya rabu da kowa cikin farin ciki. Ƙafa mai lalle ba takalmi matar gari ce, ta fi Furera sanin kuɗin hatsi, ba a wasa da ita. Sabon silifa na roba kuwa ɗan ci-rani ne da ya dawo daga Najeriya, rediyonsa na riga shi isowa. Kuɗinsa ba sa kai wata guda a aljihu, don haka taimako ne a rage masa su kafin wani mugu ya riga ta.

Amma abincin Furera na gaske shi ne takalmi sau-ciki. Ma'aikatan gwamnati ke nan: mushe na lakwal, wato malamin makaranta, da malamin biro mai aikin ofis, da mai yin allura a gidan likita. Waɗannan ba sa tayawa, don tayi aikin talaka ne. Sai su tsaya nesa kaɗan kada ƙaiƙayi ya hau musu wando, su ce, "Se kombiyan?" Furera ba ta jin Faransanci, amma wannan maganar ta san fassararta sarai, ma'anarta a ƙara kuɗi. Matansu sun fi mazan daɗin ci. Suna tafe da takalmi mai tsini suna nitsewa cikin rairayi, ba sa miƙa kuɗi hannu da hannu, daga sama suke sako su kan faifai. Ba a taɓa jin Madam ta nemi gyara ba. In ma ka yi mata, ka zage ta.

Bayan fari na farko, da soja suka karɓi mulki, sai wani sabon takalmi ya shigo kasuwa, baƙi, mai igiya har ƙwauri. Shi Furera kan faɗa masa kuɗin gaskiya ta bi shi da addu'a, in ya yi nisa ta bi shi da wata addu'ar daban.

Tiyarta biyu, kamar kowace mai awo da ta san abin da take yi. Akwai wadda take saye da ita in manoma sun kawo hatsi. Wannan Sale ne ya kifa ta a rairayi ya bubbuga gindinta da taɓarya har ya kumbura, kuma a iya sanin mutanen Mayahi shi ne kaɗai aikin da ya taɓa kai wa ƙarshe. Sunanta Mai Ciki. Ta sayarwa kuwa sunanta Budurwa, siririya, ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Kowa ya san da zamansu. Wani malami ya taɓa tsayawa a layin 'yan awo ya yi wa'azi mai zafi kan tauye mudu, har mata suka yi ta kuka. Furera ta fi kowa kuka, da ya gama kuma ta ba shi sadakar hatsi tiya guda, ta auna masa da Budurwa.

Mutum ɗaya ce duk kasuwar ta gagari lissafin Furera, ita ce Tanna. Buzuwa ce, matar Halilu, masu raƙuma da shanu can arewa da gari. Takalminta na balka ne, faffaɗa, mai ado da jar fata da koriya, kullum a shafe da man shanu. Da zarar Furera ta hango shi yana ratso takalman taya sai ta fara wasa bakinta.

"Ɓarauniya, kin kwana lahiya?" in ji Tanna daga sama.

"Lahiya lau, mai warin raƙumi. Har yanzu ba ku ƙare ba?"

"Auna min da wadda kike saye da ita."

"Tana naƙuda, ba ta hita yau."

Ranar da suka fara haɗuwa, tun suna da sauran ƙuruciya, Furera ta rasa inda za ta sa wannan takalmin, na manya ne ko na talakawa, sai ta bi hanyar da ta fi sauƙi ta watsa mata gyara. Sai ga hannu ya sauko, baƙi wuluk da shuni, awarwaron azurfa na kaɗawa. Ya shiga jakar fata, ya ɗebo fiye da abin da aka ƙara, ya watso kan tsibin hatsin.

"Ga gyaranki," in ji mai hannun. "Ki ci da ɗiyanki. Mu ba mu karɓar sadaka."

Furera ba ta ƙara yi mata gyara ba, amma Tanna ba ta daina watsowa ba. Duk ran kasuwa sai an auna mata da Budurwa, ta biya ba tayi, ta sa hannu ta mayar da tafi guda tare da zagi. In kasuwa ta fara watsewa sai su koma bayan rumfa, Furera ta kawo fura, Tanna ta kawo nono, su dama su sha suna cin naman mutane. A nan ne kaɗai Furera ke zama ta kalli fuskar wani tsaf: doguwa, mai dogon hanci, da idon da ke kallon kowa kamar ya zo neman aiki gidanta. Ko a fari na farko, da rabin dabbobinsu suka mutu, Tanna ta zo da balkarta a shafe da mai, ta watso gyaranta, ba ta ce uffan kan asarar ba. Furera tana son matar nan fiye da yadda take son 'yan'uwanta na ciki ɗaya, amma da ka faɗa mata haka da ka sha zagi.

Kimanin shekara goma bayan wancan, fari ya dawo, kuma wannan karon da shirinsa ya zo. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rijiyoyi suka yi ƙasa. A shekarar nan mushe iri biyu ne a Mayahi, mai alli a lakwal da mai ƙudaje a bakin hanya, na biyun kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Manoma suka daina kawo hatsi, don haka Mai Ciki ta koma ƙarƙashin tabarma ta kwanta. Abin da Furera ke aunawa daga motocin 'yan kasuwa yake zuwa, da tsada kamar ana haƙo shi.

Sai doka ta sauko daga sama. An yanka kuɗin tiya, an kuma ce ba sauran tozo a kan awo, a riƙa shafe bakin tiya da sanda don kowa ya samu daidai. Aka ajiye wani soja a layin 'yan awo, Lawali, ɗan siriri mai ladabi, da guntuwar sanda a hannu. Shi dai sanda aka ba shi, ba wanda ya ce masa ya leƙa gindin tiya. Kuɗin gwamnati kuwa yana da kunya, ba ya fitowa sai in baƙin takalmi na kusa.

Tanna ba ta zo ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci, watanni suka shuɗe. Furera ta ware wani ƙullin hatsi mai kyau ta ɓoye bayanta, ta hana kowa. Kullum idonta na kan rairayi tana neman jar fata da koriya. An ce mutanen arewa sun watse, wasu sun yi kudu da 'yan dabbobin da suka rage, wasu sun zo sun kafa bukkoki a bayan gari suna jiran rabon jar dawa. Furera ta ce Tanna ba ta cikin masu jira, ko a mafarki. Tsoro dai ya kama ta sosai, har ta daina shan fura da rana don ba ta da abokiyar sha.

Ana nan, wata ran kasuwa Furera ta shimfiɗa tabarma, ta duba waje, sai murna ta kama ta. Kasuwa cike take da takalmi sau-ciki. Baƙaƙe, jajaye, masu igiya, masu ƙyalli, ko'ina ta duba su ne. Ta ce wa zuciyarta lalle wani babban taro gwamnati ta kira a Mayahi, Allah ya kawo ranar arziki. Ta tabbatar Lawali na can ƙarshen layi, ta fara yanka kuɗi irin na manya. Abin mamaki, sai takalmi ya zo ya tambaya cikin Hausa, ya ji kuɗi, ya juya sumumu. Wani ma har ya ce mata ta ji tsoron Allah. Maƙwabcinta Na Allah mai goro, wanda rumfarsa ke da tsawo irin na mutane, yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai, ya ƙi gaya mata dalili.

Dalilin kuwa shi ne, cikin makon nan wata mota ta zo bayan gari da taimako daga ƙasar nasara. Mutane suka yi layi da ƙore da buhuna. Da aka buɗe sai ga tsofaffin tufafi: kwat, wando, safa, hular sanyi, jakunkunan hannu, da takalma tuli. Wani bawan Allah can ƙetaren teku ya ji labarin ana yunwa, ya zauna ya yi tunani mai zurfi, ya gano takalmi ne babu. Mutane suka karɓa, don ba a mai da kyauta, kuma rairayin rani na ƙona ƙafa. Duk Mayahi an san wannan labarin, ban da matar da ta fi kowa bukatar saninsa.

Rana ta take, sai ga takalmi mai tsini, ja, da farar safa, yana tafe yana tangaɗi. Furera ta ce yauwa, wannan ko matar babban kumanda ce. Takalmin ya tsaya bai yi sallama ba. Kuɗi suka faɗo kan faifai daga sama, aka sauko da jakar hannu mai ƙyalli a buɗe.

Haushin asarar safiya na cin Furera, ga shi an sako mata kuɗi ba ko gaisuwa. Ta dube su, ta ce a kuɗin yau rabin tiya za su saya. Ta ɗauko Budurwa, ta zuba mata abin da ko rabin bai kai ba, ta juye a jakar.

"Sannu, Madam," ta ce, don ta san irinsu ba su cika jin Hausar ƙasa ba. "Ku kun ƙoshi har bakinku ya yi nauyi. Mutane na mutuwa bayan gari, ku kuna yawo bisa tsinke. Allah ya sa ki karye."

Jakar ta ɗan ɗaga. Sai hannu ya fito daga cikin hannun wata ƙatuwar kwat, ya shiga jakar, ya ɗebo hatsi, ya nufo tsibin, kamar hannun ne ke aikinsa ba da sanin mai shi ba. Ya tsaya a sama. Babu awarwaro, ƙashi ne da fata, amma shuni na nan kwance cikin tsagar yatsu. Hannun ya koma a hankali, ya mayar da hatsin cikin jaka har ƙwayar ƙarshe.

Furera ta gane hannun. Kafin bakinta ya buɗe, jan takalmin ya juya ya shige cikin sauran takalma. Na Allah ya daina dariya.

"Tun ɗazu ka gane ta?" in ji Furera.

"Na gane ta."

"Ka kuwa bar ni na zage ta?"

"Ai kullum zagin juna kuke, Hurera. Na zaci gaisuwa ce."

Da la'asar ta bar wa Sale rumfa, ta juye ƙullin nan a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta nufi bayan gari. Ba ta taɓa ganin fuskoki da yawa haka a rana ɗaya ba, kuma ba ta ji daɗin ganinsu ba. Ga dattawa masu rawani sanye da kwat, ga tsofaffi mata da hular sanyi cikin zafin da ke narka mutum, kowa ya yi ado kamar za shi biro, kowa cikinsa a manne da baya. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata wata bukkar tabarmi. Jan takalmin na ajiye a ƙofa, an jera shi tsaf. Tanna na zaune a ƙasa tana surfa ɗan hatsin nan a wani ƙaramin turmi, ɗiyarta na kwance ciki da jariri a ƙirji. Hancin na nan, idon na nan, sauran fuskar duk ta tafi.

"Wa ya ce ki zo?" in ji Tanna.

"Hannunki na gani."

"Sai ki yi kamar ba ki gani ba."

"Ina Halilu?"

"Ya yi kudu da raƙumi guda."

"Balkarki hwa?"

"Na ci ta."

Furera ta sauke ƙwarya ta buɗe faifai, ta fara kame-kame, wai tsohon hatsi ne da ƙwari suka fara ci, wai dama zubarwa za ta yi. Ita da ta shekara ashirin tana ƙarya a kasuwa ba ta taɓa yin mai rauni irin wannan ba. Tanna ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba.

"Rumhuna nawa na wuce kahin in iso taki? Duk sun hi ki arha, na sani. Na zo wurinki don ke kaɗai ce cikin kasuwar nan ba ki duban huskar mutum. Na ce gara a cuce ni da a ji tausaina. Kin cuce ni, kin zage ni, wallahi na ji daɗi, na dawo ina jin ni mutum ce. Ga shi kin ɗauko ƙahwa kin zo kin duba."

"Tanna, ɗiyarki goyo take."

"Ɗiyata ce. Ɗauki ƙwaryarki."

Ta ɗauka. Ta ratso bukkokin nan da ƙwarya cike a ka, idanu na bin ta, hawaye na zuba, ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ta isa rumfa Sale ya ga ƙwaryar, ya ɗauka kyauta aka yi musu, ya fara sa albarka. Abin da ta faɗa masa ba na rubutawa ba ne.

Kasuwa ta sake ci, ba jan takalmi. Ta gaba ma haka. Furera ta rame kamar ita ke bayan gari. Ta san ɗan hatsin nan bai kai su ko'ina ba, ta san in ta koma za a sake korar ta, in ta aika za a mayar. Na Allah ya ba da shawara a zuba a ƙofar bukkar a gudu. Furera ta ce sai dai kaji su ci, kajin ma an cinye su.

Sana'arta ma ta rikice. Yanzu mai takalmin nasara na iya zama makiyayin da ba shi da ko akuya, ba ta ƙara sanin wa za ta ci ba. Wata rana wani takalmi mai tsini ya zo, baƙi, ta zaci ko Tanna ce, ashe Madam ce ta gaske, matar wani mushe, da "se kombiyan" ɗinta. Bayan an auna ba ta tafi ba. Sai gwiwoyin suka lanƙwashe, fuska ta leƙo ƙarƙashin rufin kara, da hoda da komai, ta waiga hagu da dama, ta ce cikin raɗa da Hausa tsantsa, "Inna, ba ɗan gyara?" Albashi ya daina kai wata ke nan. Furera ta watsa mata tafi guda ba tsaki, ta san duniya ta juye da gaske.

Sai ran wata kasuwa, da hantsi, ta hango shi. Ja, tsinin ƙafa ɗaya ya karye, mai shi na tafe tana ɗingishi, safar ta koma kalar ƙasa. Ya wuce rumfar farko, ya wuce ta biyu. Ya zo ya tsaya. Kuɗi suka faɗo kan faifai, ba su kai na wancan karon ba. Jakar ta sauko a buɗe.

Wuyan Furera ya so ya ɗaga, ta danne shi. Ta kafa ido kan faifai.

"Sannu da zuwa, Madam," ta ce da muryar kasuwa. Sai ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Soja! Lawali! Zo ka tsaya nan da sandarka. Waɗannan manyan, in ba ka yi hankali ba su kai ƙararka biro wai ka cuce su. Zo ka hwaɗi kuɗin gwamnati da bakinka."

Lawali ya zo da saurinsa. Tun da aka ajiye shi a layin nan ba mai awon da ta taɓa kiran sa, ɓoye masa ake yi. Ya duba faifai, ya ce a kuɗin doka wannan tiya ɗaya ne cif.

"Ka ji ko? Tiya guda. Doka ce, ba ni na ce ba."

Ta ture Budurwa gefe kamar ba da gangan ba, ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta jawo Mai Ciki. Na Allah ya ƙware da goro. Tun da Sale ya bubbuga gindin tiyar nan ba ta taɓa fitar da hatsi daga rumfar ba, shigo da shi kawai ta sani. Furera ta cika ta, ta girgiza, ta danna da tafin hannu, ta sake cikawa, ta miƙa wa soja. Lawali ya sa sanda ya shafe baki sumul, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi tozo ba. Ya ce da duk 'yan awo haka suke da ya huta.

Ta juye. Jakar Madam ta cika ta tumbatsa, saura ya rage a tiya. Sai da Furera ta ce, "Madam, buɗe aljihun kwat," aka buɗe, ta ƙarasa juyewa a ciki.

"Awo ne na doka," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba gyara ko ƙwaya. Soja shaida ne."

Takalmin bai motsa ba. Duk duniya ba wanda ya san tiyar nan kamar mai takalmin, shekara da shekaru tana neman a auna mata da ita ana ce mata tana naƙuda. Furera ta san in aka kifar da jakar nan kan tsibi, shi ke nan, ba za ta ƙara ganin jan takalmi ba, kuma ba za a daɗe ba za ta ji an ce an yi jana'iza a bayan gari. Ta riƙe bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Hannun ya fito daga cikin kwat. Ya shiga jaka. Ya ɗebo, ba tafi guda ba, ɗan abin da yatsu uku za su iya tsinka. Ya zo kan tsibin, ya watsa.

"Ga gyaranki, ɓarauniya," in ji murya daga sama, a dushe. "Ki ci da ɗiyanki."

"Na gode, Madam."

Takalmin ya juya, yana tafe yana ɗingishi, jaka a rungume. Lawali ya bi ta da kallo baki buɗe, ya sosa ƙeya da sandarsa.

"Inna, yau na ga abin mamaki. Cikin yunwar nan, mai saye ke ba mai saidawa gyara?"

Furera ba ta ɗaga kai ba. Tana bin jan takalmin da ido tsakanin ƙafafun mutane, har ruwan da ya cika mata ido ya hana ta gani.

"Haka manya suke," ta ce.